Ina Kwamfutarka Ta Ke Ajiye Makullin Wasiƙunka?

Duk wanda ya taɓa aikin gwamnati a zamanin fayil da tambari ya san darajar makullin rajista ta asiri. Akwai rajista ta fili, inda masinja ke shiga da fita da takardu tun safe har la'asar, akwai kuma ta asiri, wadda ba kowa ke taka ƙofarta ba. Ma'aikacin da aka danƙa wa makullinta sai ya yi rantsuwar riƙe asiri, ga kuma Dokar Asirin Gwamnati ta 1962 rataye a wuyansa. In an tashi aiki ba ya barin makullin a jikin ƙofa, ba ya ba mai shara ajiya, ba ya tura shi ƙarƙashin tabarmar bakin ƙofa don kada ya wahala gobe. Lokacin da aka kwaso ma'aikatu daga Ikko zuwa Abuja, bayan Janar Ibrahim Babangida ya tare a sabon babban birnin ran 12 ga watan Disamba, 1991, da wannan al'ada aka taho, tare da kabad-kabad na ƙarfe da tulin fayiloli.

To, yau wasiƙa ta bar ambulan ta koma imel. A watan Fabrairu na 1922 babu mai mafarkin haka, amma shekara ɗari daidai bayan nan, a watan Fabrairu na 2022, Majalisar Zartaswa ta Tarayya ta amince da wata manufa wadda Ministan Sadarwa na lokacin, Isa Ali Pantami, ya gabatar, cewa ma'aikatan gwamnati su daina aika takardun aiki ta adireshin kansu irin na Yahoo da Gmail, su koma adireshi mai ƙarewa da gov.ng. Kamfanin gwamnati na Galaxy Backbone, wanda aka kafa a 2006, shi ne ke riƙe da akwatunan wasiƙun ma'aikatu da yawa. Daga baya kuma Uwargida Didi Esther Walson-Jack, wadda aka naɗa Shugabar Ma'aikatan Tarayya a 2024, ta sa ranar 31 ga watan Disamba, 2025, ta zama wa'adin da ma'aikatu za su rabu da aikin takarda. Watau ke nan ma'aikacin da ke Sakatariyar Tarayya a kan titin Shehu Shagari, da ɗan kwangilar da ke Garki, da 'yar kasuwar da ke odar kaya daga Wuse, kowannensu yanzu yana da rajistarsa ta asiri a cikin jaka ko a aljihu.

Wannan rajista kuwa makullinta kalma ce, wadda a ke kira kalmar sirri. Ranar da aka zo haɗa adireshin mutum da manhajar karanta wasiƙa, irin su Outlook ko Thunderbird ko wadda ta zo da waya, sai a tambaye shi sunansa, da adireshinsa, da kalmar sirrinsa. Can ƙasa akwai wani ɗan akwati mai tambaya ko a riƙe masa kalmar don kada a sake damunsa. Kusan kowa amsa masa ya ke yi da e, sau da yawa ma ba mai adireshin ne ke amsawa ba, yaron ofishin kwamfuta ne. Daga ranar mutum ya miƙa makulli ga na'ura. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne, ita na'urar ina ta kai shi ta ajiye, kuma da wane irin kwaɗo ta kulle.

Ni ma ban taɓa tambaya ba sai da na ji kunya. Kwamfutata ta cinya ta ƙi cin caji, na kai ta wani shago a Wuse. Yaron da ya gyara, wanda bai fi sa'an ɗana ba, ya nemi in buɗe masa ita don ya gwada, na buɗe. Da ya gama sai ya ce, "Baba, in nuna maka wani abu, amma kada ranka ya ɓaci?" Na ce, "Nuna mani, yaro." Ya shiga manhajar wasiƙata, ya taɓa wuri biyu ko uku, sai ga kalmar sirrina ɓaro-ɓaro a kan allo, harafi bayan harafi, har da shekarar haihuwar da na liƙa mata a ƙarshe ina ganin na yi dabara. Ya ce, "Ka ga Baba, da ni mugu ne, da tun kana sallar azahar na kwafe." Ban ga laifin kowa ba sai nawa, domin manhajar ta tanadi wurin sa kwaɗo, ni ne ban taɓa leƙawa ba. Na biya kuɗin gyara, na ƙara masa na goro, na koma gida na sauya kalma tun kafin in cire hula.

Gari ba ya komawa tsaba

Matsalar ajiyar kalmar sirri ta girmi imel kanta. A 1961 ne Fernando Corbató da abokan aikinsa a jami'ar MIT ta Amurka suka soma raba kwamfuta ɗaya ga mutane da yawa, kowa da kalmarsa. Duk kalmomin nan a fayil guda aka jera su, a rubuce yadda su ke. Ba a yi nisa ba, a 1962, wani ɗalibi mai neman digirin dakta, Allan Scherr, wanda aka ba sa'a huɗu kacal a mako, ya ga ba za su ishe shi ba, sai ya sa aka buga masa fayil ɗin a takarda, ya riƙa shiga da sunayen mutane. Sai bayan shekaru da yawa ya faɗa da bakinsa. Imel kuwa sai a 1971 Ray Tomlinson ya aika ta farko daga wata kwamfuta zuwa wata.

Maganin da masana suka samo shi ne kada babbar kwamfuta ta ajiye kalmar ko kaɗan. In mutum ya zaɓi kalma, sai a zuba ta cikin wani lissafi wanda ke niƙe ta, a ajiye garin, a zubar da tsabar. Gobe in ya zo shiga, sai a niƙa abin da ya rubuta, a gwada da garin jiya. In sun yi daidai a buɗe masa. Ɓarawon da ya sace buhun gari ba shi da injin da zai mai da shi gero. Iyakarsa ya yi ta niƙa kalmomi yana gwadawa ko zai dace. Robert Morris da Ken Thompson sun bayyana wannan dabara a wata maƙala ta 1979, har da ƙarin wasu haruffa da a ke barbaɗawa kafin niƙa, waɗanda suka kira gishiri, don kada kalma iri ɗaya ta ba da gari iri ɗaya. A cikin maƙalar ne suka ce sun tara kalmomi 3,289 na mutane, suka tarar kashi 86 cikin ɗari masu saukin cinka ne. Halin ɗan Adam dai bai sake ba.

Amma fa wannan dabara ta mai gadin ƙofa ce. Manhajar da ke kwamfutarka ba mai gadi ba ce, 'yar aike ce. Duk bayan 'yan mintoci ta kan je gidan waya, watau babbar kwamfutar da ke riƙe da akwatinka, ta ce an aiko ni, ga shaida. Ka'idojin da ta ke bi tsofaffi ne: SMTP ta aikawa tun 1982, IMAP ta dubawa tun 1986, POP3 ta kwasowa tun 1988, kuma bisa tsohon tsari shaidar da a ke nema ita ce kalmar kanta. Saboda haka 'yar aike ba ta da damar niƙe kalmar. Dole ta ajiye tsaba, ta yadda za ta iya ɗaukowa duk lokacin da ta so. Abin da manhaja za ta iya ɗaukowa ba tare da ta tambaye ka ba kuwa, wani ma zai iya ɗaukowa in ya zauna a mazauninta. Nan ne gizo ke saƙa, kuma duk wanda ya ce maka manhajarsa ta ɓoye kalma ta yadda babu mai iya gani, tambaye shi ina ta sa makullin maɓoyar.

Kowace manhaja da maɓoyarta

Thunderbird, wadda kyauta a ke samunta, ba ta ɓoye yadda ta ke yi ba. Kalmomin suna cikin wani fayil mai suna logins.json, a rikiɗe, makullin warware su kuma yana cikin wani fayil mai suna key4.db, su biyun a ɗaki ɗaya. In mai ita bai sa komai ba, duk wanda ya kwafi fayilolin nan biyu a ɗan filashi ya tafi da akwati da makullinsa. Amma akwai abin da suka rubuta wa Primary Password a sashen tsaro, watau uwar kalma. In an sa ta, ita ce ke kulle makullin, kuma manhajar za ta nemi a rubuta ta sau ɗaya duk lokacin da aka buɗe. Wahalar ke nan gaba ɗaya, rubutun daƙiƙa biyar da safe. Sai dai wanda ya manta uwar kalma ba mai ceto masa abin da ke ciki, sai ya share ya sake shigar da kalmominsa, kuma wannan shi ne alamar cewa kwaɗon na gaske ne.

Tsohuwar Outlook ta Windows, wadda ita ce ta cika ofisoshinmu, wata hanya ta bi. Ta kan kai kalmar IMAP ko POP wani sashe na Windows wanda shi ma, abin mamaki, rajista a ke ce masa, bayan ta ba Windows ya kulle ta da makullin da ya samo asali daga kalmar shiga kwamfutar. Wannan yana da kyau ga wanda ya sa wa kwamfutarsa kalma mai ƙarfi. To, ina amfaninsa a ofishin da mutum biyar ke shiga kwamfuta ɗaya da suna ɗaya, kalmar kuma an rubuta ta a 'yar takarda an manna a gefen allo? Bugu da ƙari, muddin mai kwamfutar ya riga ya shiga, duk wata manhaja da ke aiki da sunansa tana iya ce wa Windows ya warware mata, shi kuwa ba ya bambanta ta gida da baƙuwa.

Kwamfutocin Apple suna da ma'ajiya guda mai suna Keychain, wadda ke tambayar mai ita kafin ta nuna kalma ko ta ba wata manhaja daban. Wayoyin zamani, na Android da iPhone, su kan ware wa kowace manhaja ɗakinta, su kuma rikiɗa abin da ke ciki da lambar buɗe waya. Don haka wayar da ba a sa wa lamba ba, ko aka sa mata 1234, in ta faɗi a motar haya tsakanin Nyanya da Area 1, akwatin wasiƙa ne ya faɗi a buɗe.

Sai kuma ƙwararru, waɗanda ya kamata a ce sun fi kowa sani. Masu aiki da Linux su kan yi amfani da ƙananan manhajoji irin su mutt da msmtp da fetchmail, waɗanda a ke shirya su ta hanyar rubuta umarni a fayil. Hanya mafi sauƙi ita ce a rubuta kalmar tsirara a layi ɗaya, kuma da yawa haka su ke yi, sa'an nan wata rana su kwafi fayil ɗin su aika wa aboki don ya ga yadda a ke shiri, ko su ɗora shi a GitHub tare da sauran aikinsu. Ita fetchmail har ƙin tashi ta ke yi in ta ga wasu ban da mai fayil ɗin suna iya karanta shi. Daidai shi ne a rubuta umarnin da zai ɗauko kalmar daga fayil da aka kulle da GPG, ko daga ma'ajiyar kalmomi ta kwamfutar. Msmtp ta tanadi layin passwordeval domin wannan. Kada kuma a manta da babban injin hoton takardu da ke lungun ofis, wanda ke aika abin da ya ɗauka ta imel. Shi ma wani ya taɓa rubuta masa kalmar sirri, watakila shekara biyar da suka wuce, watakila ta akwatin babban darakta.

Masu farautar makulli

Mai karatu zai ce, to wa ya damu da wasiƙuna? Akwai waɗanda sana'arsu ke nan, kuma abin takaici, sunan ƙasarmu ya fito a cikinta. Akwai miyagun manhajoji irin su Agent Tesla da LokiBot, waɗanda a ke sayarwa a ɓoye da araha. Su kan zo ne a liƙe da wasiƙa mai kama da takardar neman farashi ko rasit na banki. Da zarar an buɗe, aikinsu na farko shi ne su bi maɓoyan nan da muka lissafa ɗaya bayan ɗaya, na Outlook da na Thunderbird da na manhajar shiga intanet, su tattara abin da ba a kulle da kyau ba, su aika wa ubangidansu. Ba su fasa komai, ba su rage gudun kwamfuta, mai ita ba ya jin ko ɗuriya.

A watan Nuwamba na 2020 hukumar 'yan sandan duniya ta Interpol, da 'yan sandan Nijeriya, da kamfanin Group-IB, suka ba da sanarwar kama mutum uku a Ikko a wani samame da suka kira Falcon. An ce ƙungiyarsu ta yi amfani da miyagun manhajoji iri 26, ciki har da Agent Tesla da Loki, ta kuma taɓa kamfanoni da ofisoshin gwamnati a ƙasashe fiye da 150 tun daga 2017. A zagaye na biyu, cikin watan Disamba na 2021, aka kama mutum 11, aka kuma tarar da bayanan shiga fiye da 800,000 a kwamfutar cinya ta mutum ɗaya daga cikinsu.

Abin da a ke yi da makulli in an samu, shari'ar Obinwanne Okeke ta nuna shi a fili. Wannan matashi, wanda aka fi sani da Invictus Obi, har mujallar Forbes ta sa shi cikin fitattun matasan Afirka a 2016. A watan Afrilu na 2018 aka aika wa babban jami'in kuɗi na kamfanin Unatrac da ke Ingila, mai dillancin manyan injunan Caterpillar, wata wasiƙa mai ɗauke da shafin shiga na jabu. Ya rubuta kalmarsa. Daga nan masu kutsen suka zauna cikin akwatinsa suna karanta yadda ya ke rubutu, suna aika umarnin biyan kuɗi da sunansa, ma'aikata kuwa suna biya, domin wasiƙar daga akwatin maigida ta fito. Kimanin dala miliyan 11 suka salwanta. An kama Okeke a filin jirgin sama na Dulles a watan Agusta na 2019, wata kotun Amurka ta ɗaure shi shekara 10 a watan Fabrairu na 2021. A wancan karon da yaudara aka karɓi kalmar, ba daga maɓoya aka zaro ta ba, amma ɓarnar iri ɗaya ce. Hukumar FBI ta ce a shekarar 2023 kaɗai, ƙarar da aka kai mata ta irin wannan damfara ta kai ta dala biliyan 2.9.

Talaka ma bai tsira ba don ba shi da miliyoyi. Duk inda mutum ya manta kalmarsa, a Facebook ne ko shafin neman aiki ko na makaranta, akwatin imel a ke aika masa hanyar sabuntawa. Wanda ya riƙe wannan akwati ya riƙe makullin da ke buɗe sauran ɗakunan gidan.

A ba 'yar aike fas, a riƙe makulli

Gyara mafi girma da aka samu a 'yan shekarun nan shi ne a daina ba manhaja kalmar ɗungum. Wanda ya taɓa zuwa ganin wani a babbar ma'aikata ya san yadda a ke yi: a bakin ƙofa za a duba shi, a rataya masa fas na baƙo, wanda zai kai shi hawa ɗaya kawai, in ya fito a karɓe. Haka tsarin OAuth 2.0, wanda aka fitar a 2012, ya ke aiki. Lokacin haɗa adireshi, manhajar za ta buɗe shafin Google ko na Microsoft na ainihi, mutum ya rubuta kalmarsa a can, ya cika mataki na biyu in ya sa, sa'an nan a ba manhajar fas. Fas ɗin ta ke ajiyewa, ba ta taɓa ganin kalmar ba. Lalle fas ma ana iya sace shi, kuma ɓarayi sun soma farautarsa. Amma ana soke shi daga nesa ba tare da an taɓa sauran na'urori ba, kuma wanda ya sace shi bai san kalmar da mutum ya maimaita a wurare goma ba.

Manyan kamfanonin ba su bar abin ga ganin dama ba. Google ya rufe tsohuwar hanyar shiga da kalma kaɗai ga masu Gmail na kansu ran 30 ga watan Mayu, 2022, ya kuma rufe wa kamfanoni da makarantu a 2025. Microsoft ya soma rufe ta ga akwatunan ofisoshi na Exchange Online ran 1 ga watan Oktoba, 2022, ga masu Outlook.com da Hotmail kuwa ran 16 ga watan Satumba, 2024. Mutane da yawa da suka wayi gari manhajarsu ta ƙi karɓar kalma suka zaci kutse aka yi masu, alhali ƙofar ce aka sauya.

Ga tsohuwar na'ura wadda ba ta san fas ba, kamar injin hoton nan na lungu, Google ya tanadi kalma ta musamman mai haruffa 16, wadda sai mai mataki biyu a ke ba. Kowace na'ura a yanka mata tata, a sa mata suna, ranar da aka sayar da ita ko ta ɓata a soke tata kaɗai. A kula dai, wannan kalma tsallake mataki na biyu ta ke yi, don haka ba abin rubutawa a littafin ofis ba ce. Mataki na biyun kansa kuma, in da hali, gara manhajar da ke fitar da lamba a waya da saƙon tes, domin layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba kamfani ya kan sayar wa wani, saƙon kuma sabon mai layi zai riƙa samu.

Ofisoshi da kamfanonin da ke da gidan wayarsu na kansu, da yawa har yanzu kalma su ke karɓa. A nan sai a dubi hanyar da 'yar aike ke bi. A shafin shiri akwai lambobin ƙofa. Ƙofa ta 110 da ta 143 tsofaffi ne, in ba a ɗora masu rufi ba kalmar tsirara ta ke tafiya, mai zaune a otal ɗaya da kai a kan intanet ɗaya yana iya tsinta. Ta 993 ga IMAP, ta 995 ga POP3, da ta 465 ga aikawa, a rufe su ke tun daga farko; ta 587 ma ta yi in an tilasta mata rufin STARTTLS. In manhaja ta yi gargaɗi cewa ba ta amince da takardar shaidar gidan wayar ba, wannan ba abin dannawa a wuce ba ne, abin kiran mai kula da kwamfutoci ne. Ko shirin da manhaja ke yi da kanta ba a rasa shi da aibu ba. A 2021 wani mai bincike na kamfanin Guardicore, Amit Serper, ya lura cewa wasu manhajoji in sun rasa gidan wayarsu su kan yi ta laluben adireshi mai suna autodiscover har su fita waje. Ya sayi irin waɗannan adireshi ya zauna yana jira, cikin wata huɗu da 'yan kwanaki bayanan shiga daban-daban kusan 97,000 suka zo masa da ƙafarsu.

Akwai kuma tambayar da ta fi shafar ma'aikacin gwamnati. A watan Nuwamba na 2023 mujallar c't ta ƙasar Jamus ta nuna cewa sabuwar Outlook ta Windows, in aka haɗa ta da akwatin IMAP na wani wuri, ta kan miƙa bayanan shiga ga kwamfutocin Microsoft, su ne ke zuwa su kwaso wasiƙun. Kamfanin ya kan nuna sanarwa cewa za a daidaita akwatin da ma'ajiyarsa, amma mutum nawa ke karanta sanarwa? Ga mai sayar da atamfa wannan ba wani abu ba ne. Ga wanda ke riƙe da akwatin gov.ng, a ganina, ba shi ne zai yanke wannan shawara shi kaɗai a teburinsa ba, ta ma'aikatarsa ce, kuma ya kamata kowace ma'aikata ta faɗa wa mutanenta a rubuce wace manhaja aka yarda da ita.

Doka ma ta shigo cikin maganar. Dokar Laifuffukan Intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta haramta shiga kwamfutar wani ba da izini ba. Dokar Kare Bayanan Jama'a, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yuni na 2023, ta kafa hukuma a nan Abuja, ta kuma wajabta wa duk mai riƙe da bayanan mutane ya sanar da ita cikin sa'a 72 in an yi masa kutsen da zai iya cutar da su. Akwatin jami'in ma'aikata guda ɗaya kuwa yana iya ƙunsar lambobin NIN da na asusun banki na mutum ɗari.

Inda aka fi yin sakaci shi ne ranar rabuwa da na'ura. Ana yi wa ma'aikaci canjin wurin aiki, ya miƙa kwamfuta ga magajinsa tare da takardar miƙa aiki, a lissafa kujera da kabad da fanka, ba a lissafa akwatin wasiƙar da ke buɗe a ciki ba. Haka mai kai waya gyara ko musaya a Banex da ke titin Aminu Kano, ya kan tsaya ciniki a kan naira dubu biyu, ya manta da abin da ya bari a ciki. Kafin kwamfuta ta bar hannu, a cire adireshin daga manhaja, a share kalmomin da ta ajiye, in sayarwa ce a goge na'urar gaba ɗaya. In gyara ne, kuma ba ta ko kunnuwa balle a cire wani abu, sai a shiga shafin tsaro na akwatin daga wata na'ura, a duba jerin waɗanda aka ba fas, a soke nata, a sauya kalma. Wanda ya kunna BitLocker a Windows ko FileVault a kwamfutar Apple tun da wuri, ko an zare faifan an kai wata kwamfuta ba za a karanta komai ba. Mai gyaran caji ko allo kuwa ba ya bukatar kalmar shiga. In ya ce sai ya gwada, a buɗe masa ɓangaren baƙo, ko a tsaya a kansa har ya gama.